Idan Zaman Shawara Na Mako-Mako Bai Isa Ba

 

A ikilisiyoyinmu da yawa akwai masu ba da shawara da suke zama da mai damuwa sau ɗaya a mako, su saurare shi, su ƙarfafa masa zuciya. Wannan aiki yana taimako ƙwarai, musamman ga waɗanda suka yi rashi ko rikici ya raba su da gidajensu. Amma akwai ciwon da ya fi ƙarfin zaman mako-mako. Jinyar ƙwaƙwalwa hawa-hawa ce, kuma ya kamata mu san inda za mu kai ɗan'uwa idan ciwon ya yi nauyi.

Hawa na farko shi ne ganin ma'aikacin lafiya don a haɗa shawara da magani. Idan mutum ya yi mako biyu ba ya barci, ba ya cin abinci, ya bar zuwa gona, ko yana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, a kai shi asibiti mafi kusa. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane irin wannan ciwo. Maganin baƙin ciki mai tsanani yakan ɗauki makonni kafin a ga sauƙi, saboda haka kada a jefar da shi bayan kwana uku. Wanda yake yawan manta ƙwaya, likita yana iya mai da shi kan allurar wata-wata.

Hawa na biyu shi ne jinyar wuni: mara lafiya ya wuni a hannun ma'aikata, ya kwana cikin danginsa. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wannan tsari a Aro, kusa da Abeokuta. Marasa lafiya suna zaune a ƙauyukan da ke kewaye tare da wani nasu, da rana su je asibiti. Ya ga cewa mutum ya fi murmurewa idan ba a raba shi da nasa ba. Inda babu irin wannan, ku roƙi likita ya riƙa ganinsa akai-akai, ku kuma raba kwanakin zama da shi a tsakaninku.

Hawa na uku shi ne kwanciya a asibiti. Idan mutum ya ce zai kashe kansa, ko yana neman ji wa wani ciwo, ko mai jego ta ruɗe har ba ta gane jaririnta, kada a jira gari ya waye. A kawar da maganin ƙwari, igiya da wuƙa, kada a bar shi shi kaɗai. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, akwai kuma sashen ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Jos. Idan ruɗewar ta zo da zazzaɓi ko sanƙarewar wuya, ku ruga babban asibiti mafi kusa, domin yana iya zama sanƙarau.

'Yan'uwa, sarƙa da bulala ba sa cikin waɗannan hawa. A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma kare mutuncin mara lafiya. Mu yi masa addu'a, mu kuma kai shi wurin likita, kamar yadda muke yi wa mai karaya.

Wanda aka sallama zai sauko hawa-hawa har ya dawo kan zaman mako-mako. A nan ne aikinmu ya fi yawa, gama da yawa sukan koma ciwo don an bar magani ko an rasa kuɗin mota. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina roƙon kowace ikilisiya ta zaɓi mutum biyu masu riƙe ranar komawa asibiti, ta ware wani abu daga baiko don kuɗin mota, ta kuma yi masa gayyar noma idan damina ta same shi a kwance. Idan ya dawo sujada, a ba shi wurin zamansa na dā, a kira shi da sunansa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.