Hanyar Elroy zuwa Sparta: Yadda Ake Cin Moriyarta a Tsawon Shekara

Hanyar Elroy zuwa Sparta tana yammacin jihar Wiskonsin ta Amurka, kuma tsawonta ya kai kimanin kilomita 52. Asalinta layin dogo ne na kamfanin Chicago and North Western, wanda jiragensa suka daina bin wurin a 1964. Jihar ta sayi filin, aka ɗauke ƙarafunan, aka buɗe hanyar ga jama'a a 1967, aka kuma shimfiɗa mata niƙaƙƙen dutsen farar ƙasa. Ana ɗaukarta a matsayin ta farko a Amurka da aka mayar daga layin dogo zuwa hanyar shaƙatawa. Ta ratsa ƙananan garuruwan Kendall da Wilton da Norwalk, kuma da yake don jirgin ƙasa aka tsara ta, hawanta da gangarenta ba su da tsanani duk da tuddan yankin, har yaro da dattijo na iya bin ta a kan keke.

Abin da ya bambanta ta da sauran hanyoyi shi ne ramuka uku da aka haƙa ta cikin duwatsu a farkon shekarun 1870. Biyu suna da tsawon kimanin rabin kilomita kowanne, na ukun kuwa, wanda ke tsakanin Norwalk da Sparta, ya haura kilomita ɗaya. Kowane rami yana da manyan ƙofofin katako a bakinsa. A zamanin jirgi, masu gadi ne ke buɗe su idan jirgi ya taho su kuma rufe bayan ya wuce, saboda ruwan da ke tsatstsafowa daga dutse kan daskare a lokacin sanyi ya farfasa bangon. Har yau waɗannan ƙofofi ne ke raba shekarar hanyar gida biyu: ana buɗe su a farkon Mayu, a rufe a ƙarshen Oktoba.

Daga Mayu zuwa Satumba masu keke ne suka fi yawa. Wanda ya kai shekara 16 sai ya sayi takardar izini daga hukumar albarkatun ƙasa ta jihar kafin ya hau keke a hanyar, amma mai tafiya a ƙafa ba ya biyan komai. A bakin rami doka ta ce a sauka a tura keken, kuma akwai hikima a cikin dokar. Cikin ramin duhu ne ƙirin, ruwa na ɗiga daga sama, sanyi na ratsa jiki ko da ana tsananin zafi a waje, don haka matafiya kan riƙe tocila da rigar ruwa. Wannan zirga-zirga ce ke riƙe da masaukai da gidajen abinci da shagunan hayar keke na garuruwan da jirgi ya bari.

Da kaka, wajen Oktoba, ganyen itatuwa kan rikiɗe ja da rawaya, baƙi su yi ta zuwa kallo kafin a rufe ƙofofi. Daga nan ramukan sun zama na jemagu, waɗanda ke kwana a ciki har sanyi ya wuce. Barinsu cikin natsuwa ya ƙara muhimmanci tun da cutar farin hanci ta fara hallaka jemagun Arewacin Amurka, domin jemagen da aka tayar a tsakiyar hunturu yakan ƙone kitsen da ya tara tun kafin ƙwari su dawo.

Idan dusar ƙanƙara ta taru, hanyar kan koma hannun masu baburan ƙanƙara, waɗanda ƙungiyoyinsu ke daidaita ta, suna kewaye ramukan ta wasu hanyoyin gefe. Wannan karɓa-karɓa ita ce ta hana mai inji da mai keke yin karo a kan ƙasa ɗaya.

Babbar barazanar hanyar ita ce ruwa. Ambaliyar watan Agusta na 2018 ta cinye sassanta, ta lalata gadoji da magudanai, kuma sai a 2022 aka sake buɗe ta gaba ɗaya bayan gyara.