Jawabi Kan Tsabtace Akwatunan Macizai Da Kunkuru

Jama'a, wannan jawabi ya shafi duk mai kiwon maciji, ko kunkuru, ko damo, ko ɗan kada, ko a gida yake ko a wurin aiki. Ana ajiye irin waɗannan dabbobi a gidajen namun daji, kamar na Jami'ar Ibadan da aka kafa a 1948, da na Audu Bako a Kano. Masu kiwo da yawa kuwa sukan zuba su a akwatunan roba da ake jerawa a kan kanta, wani bisa wani, ana jawo kowane kamar durowa.

Abin da ya kamata kowa ya sani shi ne, yawancin dabbobin nan suna ɗauke da wata ƙwayar cuta a hanjinsu mai suna salmonela, alhali kuwa lafiyarsu ƙalau. Tana fita tare da kashinsu, ta manne a jikinsu da akwati da kwanon ruwa. Idan ta shiga bakin mutum takan haddasa zawo da zazzaɓi da ciwon ciki, daga awa 6 zuwa kwana 6 bayan kamuwa. Yara 'yan ƙasa da shekara 5, da tsofaffi, da mata masu juna biyu, su ta fi yi wa lahani. Saboda yawan yaran da ta kwantar ne gwamnatin Amurka ta hana sayar da ƙananan kunkuru a 1975.

Ga yadda ake aikin. Da farko a sa safar hannu, a fitar da dabbar a sa ta a wani mazubi mai murfi da hujin shan iska. In maciji ne mai dafi, kamar kububuwa ko kasa ko gamsheƙa, sai gwani ya ɗauke shi da sanda mai ƙugiya, kada kuma ya yi aikin shi kaɗai.

Na biyu, a kwashe shimfiɗar da kashin, a ƙone ko a binne. Sa'an nan a wanke akwatin da sabulu da buroshi, a ɗauraye. Nan ne mutane da yawa ke kuskure: sukan zuba magani a kan ƙazanta, ba su san ƙazanta tana kashe ƙarfin magani ba.

Na uku, a dama bilic, gwangwanin madara 1 cikin gwangwani 30 na ruwa. A jiƙa akwatin ciki da waje, a bar shi minti 10 cif. A ɗauraye sosai, a shanya a rana har warin ya fita sarai kafin a mayar da dabbar. A dama sabo kullum, gama ƙarfinsa yana raguwa idan ya kwana. Kada a gauraya bilic da wani magani, domin yakan fitar da iska mai guba. A kuma guji magungunan wanke bayan gida waɗanda ke komawa fari kamar madara a ruwa, gama sinadarin fenol da ke cikinsu guba ne ga maciji.

Na huɗu, kada a manta da kantar kanta. Akwai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari baƙaƙe masu shan jinin maciji, waɗanda ke ɓuya a tsagogi suna bi daga akwati zuwa akwati. A goge daga sama zuwa ƙasa. A fara da masu lafiya, a ƙare da marasa lafiya, kowane da nasa kwanon ruwa. Sabuwar dabba kuwa a keɓe ta a wani ɗaki kamar wata 3.

Kashi dai a kwashe shi ran da aka gan shi, wanki na gaba ɗaya kuma kada ya wuce wata guda. Kada a wanke akwati a madafa, ko bakin rijiya, ko inda ake wanke kwanukan abinci. Bokiti da soson wannan aiki su zama nasa ne kaɗai. In an gama, a wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20.

Wanda zawo ya kama a gidan da ake kiwon waɗannan dabbobi, a ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi asibiti, a kuma gaya wa likita irin dabbar da ke gidan. Rigakafi ya fi magani.