In Hukunci Bai Yi Mana Daɗi Ba, Mu Fita Titi Ko Mu Zauna?



An ɗora mini nauyin in yi magana a kan wani al'amari da ke tasowa a tsakaninmu duk lokacin da aka yanke wata shawara ta siyasa wadda ba ta yi mana daɗi ba. Za ka ji wasu na cewa a fita zanga-zanga, wasu kuma na cewa a bar wa Allah, har a tashi baran-baran ba a tsayar da magana ba. To, ni abin da zan ce guda ɗaya ne: kafin mutum ya ɗaga ƙafa ya fita titi, ya fara sanin ko hukuncin nan da ya ɓata masa rai irin wanda ake iya warwarewa ne, ko kuwa irin wanda alƙalami ya riga ya bushe a kansa.

Ba sai mun je nesa neman misali ba, ga shi nan a garin Lafiya. A watan Maris na 2023 hukumar zaɓe ta INEC ta bayyana Injiniya Abdullahi Sule na APC a matsayin wanda ya ci kujerar gwamna da ƙuri'a 347,209, shi kuma David Ombugadu na PDP ya sami 283,016. Magoya bayan PDP suka ce sam ba su yarda ba, matansu suka shafe watanni suna fitowa suna nuna rashin amincewarsu. Ran 2 ga Oktoba kotun sauraron ƙararrakin zaɓe, da rinjayen alƙalai biyu a kan ɗaya, ta ce Ombugadu ne ya ci. Ranar nan sai baƙin cikin ya koma ɗaya gidan. Ran 23 ga Nuwamba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke wancan hukunci, sannan ran 19 ga Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Gwamna Sule kujerarsa.

Kun ga ke nan, a cikin wata goma babu ɓangaren da bai ɗanɗani ɗacin hukunci ba. Na kuma san a cikin zauren nan akwai wanda ya yi murna ran 2 ga Oktoba, akwai wanda ya kasa cin tuwo, domin ba jam'iyya ɗaya muke yi ba. Saboda haka maganata ba ta goyon bayan kowa ba ce.

Abin lura shi ne, tsarin mulkin ƙasa ya shata wa irin wannan rigima hanya da wa'adi. Wanda bai gamsu da sakamako ba yana da kwana 21 ya shigar da ƙara, kotun zaɓe na da kwana 180 ta yanke hukunci, kowace kotun sama kuma kwana 60. Wanda hukuncin Oktoba ya ɓata wa rai yana da sauran ƙofa biyu a buɗe, in ya fita ya ƙona taya bai ƙara wa lauyansa hujja ko ɗaya ba. Wanda kuwa hukuncin Janairu ya ɓata wa rai, ƙofa ta riga ta rufe, don sashe na 235 ya ce daga Kotun Ƙoli babu sauran ɗaukaka ƙara. Ranar da aka yanke shi an tare hanyar Lafiya zuwa Jos, an rufe shaguna, 'yan sanda suka kama mutum 38 aka gurfanar da su gaban kotu. Hukuncin kuwa yana nan yadda yake, ko wasali ɗaya bai canja ba.

Kada wani ya ɗauka ina cewa zanga-zanga laifi ce, ko kuwa ba ta taɓa yin amfani ba. A'a. Sashe na 40 na tsarin mulki ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin yin taro cikin lumana, kuma a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar jam'iyyar ANPP da Sufeto Janar na 'yan sanda, ta ce ba dole sai an nemi izinin 'yan sanda kafin a yi gangami ba. Manyanmu kuma sun tuna Janairun 2012, lokacin da gwamnatin Jonathan ta janye tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 zuwa wajen 141. Ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC suka kira yajin aiki, ƙasa ta tsaya cik, ala tilas aka dawo da farashi naira 97. Me ya sa wannan ta yi tasiri? Na ɗaya, wanda ya yanke shawarar yana da ikon janye ta. Na biyu, buƙatar a fili take, kowa na iya faɗinta da jimla ɗaya. Na uku, akwai shugabanni sanannu da za a zauna da su, waɗanda kuma in sun ce a koma gida za a koma. Duk da haka ma sai da aka rasa rayuka.

To, ku gwada ta da ta Agustan 2024, wadda babu tsayayyen jagoranta a Arewa. A Kano ɓata-gari suka shiga ciki aka wawashe kaya, har aka sa dokar hana fita ta awa 24. A Nuwambar shekarar muka ga yara ƙanana suna faɗuwa don galabaita a gaban kotu a Abuja, kafin Shugaba Tinubu ya ba da umarni a sake su. 'Ya'yan talakawa ne suka kwana a tsare, ba 'ya'yan masu zuga su ba.

Yanzu bari in zo kan abin da ya shafe mu, mu Hausawa mazauna wannan jiha. Mu 'yan ƙasa ne cikakku, sashe na 42 ya hana a nuna mana bambanci saboda ƙabila ko asali. Amma gaskiya ɗaya ce, fitarmu titi ba a yi mata fassara irin ta kowa. Da an ga samarinmu sun yi gungu, maganar siyasa sai ta rikiɗe ta koma ta ɗan ƙasa da baƙo. Dattawa ba su manta da Afrilun 1994 ba, lokacin nan Lafiya na cikin Jihar Filato, don sai 1 ga Oktoban 1996 aka ƙirƙiro Nasarawa. An naɗa Alhaji Aminu Mato shugaban riƙo na ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, wasu suka yi zanga-zangar ƙin yarda, gwamnati ta dakatar da miƙa masa mulki, Hausawan Jos su ma suka fito nuna fushinsu, ran 12 ga wata gari ya kama da wuta. Haka kuma gardamar wani naɗin muƙami na cikin abubuwan da suka share fagen rikicin Satumban 2001, wanda ya ci ɗaruruwan rayuka. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa.

Har ila yau, ku dubi inda arzikinmu yake. Mai shago ne, mai sayen doya da gyaɗa da riɗi yana lodi zuwa wasu jihohi, mahauci ne, direba ne, ɗan acaɓa ne. Duk dukiyar tana bakin titi. Ranar da aka hana fita, ma'aikacin gwamnati albashinsa na nan, amma mai tireda da mai shayi su da ciniki sai wata rana.

To, in ba a fita ba, sai a haɗiye baƙin ciki a yi shiru? Ko kusa. Haƙuri daban, mutuwar zuciya daban. Akwai ayyuka huɗu da nake roƙon mu riƙe. Na farko, ranar da labari marar daɗi ya fito, kowane maigida ya san inda yaransa suke, kuma kada a tura wani saƙo ko hoto ta WhatsApp sai an tabbatar da shi. Wanda ya yi nasara shi ma ya rage murna a ƙofar maƙwabcinsa, gobe tare za a je jana'iza da suna. Na biyu, in hukuncin irin wanda ake iya gyarawa ne, kamar harajin kasuwa ko rabon rumfuna ko naɗin muƙami, a rubuta koke da hujjoji da sa hannun jama'a, a naɗa wakilai su kai wa shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisa, a kuma sanar da fada. Mai Martaba Sarkin Lafiya, Sidi Bage Muhammad, daga kujerar alƙalin Kotun Ƙoli ya zo gadon sarauta a 2019, ya san darajar takarda mai hujja. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba. Na uku, in duk an bi waɗannan ƙofofi ba a saurare mu ba har ta kai ga fita, to a fita tare da sauran ƙabilun da abin ya shafa, da rana, da shugabanni a gaba, a sanar da 'yan sanda don su ba da kariya, kuma kada a saka yara.

Na huɗu, wanda ya fi duka, shi ne katin zaɓe. Hukuncin da kotu ta rufe, akwatin zaɓe kaɗai ke sake buɗe shi. Duk wanda ya kai shekara 18 ya yi rajista, wanda katinsa ke Kano ko Katsina alhali a nan yake ci yake sha, ya nemi a mayar masa da shi mazaɓarsa ta nan. A kuma samu wakilai masu karatu da za su tsaya a rumfa har a ƙirga ƙuri'a a ba su kwafin sakamako, domin da wannan takarda ake cin shari'a. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Samarinmu, fushinku ba abin kunya ba ne, alama ce ta kun damu da ƙasarku. Abin da muke roƙo kawai, ku kashe shi inda zai biya. Allah ya zaunar da Lafiya da Jihar Nasarawa lafiya, ya sa mu gama da iyayenmu da maƙwabtanmu lafiya.