Kafin Ka Sayi Bakin Injekta, Ka Tabbata Shi Ne Ya Lalace

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan ƙungiyarmu, bakanike a nan Kwali, ya gabatar a taronmu na wata-wata. Mun buga shi kamar yadda ya faɗa, domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.



Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa, Allah ya ƙara maka lafiya. Shugaban ƙungiya, malamanmu, iyayenmu da sauran 'yan'uwa, ina yi muku barka da zuwa. Ni ba ma'abocin tsayawa gaban manya ba ne, aikina riƙe sifana. To amma tun da shugaba ya ce in yi magana a kan abin da yake cinye wa masu motocinmu kuɗi, ba ni da ta cewa sai bin umarni.

Abin da ya jawo wannan magana shi ne wani ɗan'uwanmu, yana nan zaune amma ba zan kama suna ba. Ran nan ya ɗauko iyalinsa daga Abaji a cikin Camry ɗinsa, sun kusa Yangoji sai ya rage gudu, mota ta mutu a tsakiyar titi, ga tirela a bayansa. Allah ne kawai ya kiyaye. Kun dai san yadda manyan motoci suke gudu a wannan hanya ta Abuja zuwa Lokoja. Ya kai motar wani gareji, aka ce masa bakin injekta ne. Ya saya aka ɗaura, ciwo bai tafi ba. Aka ce wanda ya sayo ɗin ne ba shi da kyau, ya sake sayen wani. Da motar ta zo hannuna, sai na tarar babban tiyon iska ne ya tsage ta ƙasa, inda ido ba ya gani. Bakin injektansa na asali lafiyarsa lau. Kuɗi sun tafi sau biyu a banza.

To mene ne bakin injektan nan? Wasu suna ce masa totur bodi. Iyayenmu da suka tuƙa Peugeot 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun 1975, sun san kafireta. Ita kafireta ita ce take gauraya iska da mai. A motocin injekta an raba aikin gida biyu: nozul suna fesa mai, shi kuma bakin injekta iska kaɗai yake shigarwa. Wato shi ne maƙogwaron inji. A cikinsa akwai wani ɗan faifan ƙarfe, in ka taka totur ya buɗe, in ka ɗaga ƙafa ya rufe, ya bar 'yar kafa kaɗan wadda inji yake yin sulo da ita. Inji yana bukatar kimanin kilo 14.7 na iska a kan kowane kilo ɗaya na fetur. In lissafin nan ya rikice, ko dai mota ta riƙa shan mai, ko ta riƙa mutuwa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 kuwa, kowa ya san darajar lita guda.

Iri biyu ne, kuma dole ka san naka. Akwai mai waya, wanda in ka buɗe bonet za ka ga igiyar ƙarfe ta taso daga totur ta ɗaure a jikinsa. Akwai kuma mai lantarki, wanda ba shi da igiya ko kaɗan. Ƙafarka tana aika saƙo ga ƙwaƙwalwar mota, ita kuma ta umarci wani ɗan moto da ke jikinsa ya buɗe faifan. Alal misali, Corolla 'yar Amurka ta 2003 da 2004 mai waya ce, amma daga 2005 mai lantarki ce, alhali in ka dube su daga waje kamar an tsaga kara. Mutane da yawa sun yi asara a nan.

Alamomin ciwon su ne: sulo ya riƙa hawa yana sauka, mota ta mutu in ka taka burki ko ka kunna na'urar sanyi, ka taka totur ta yi jinkiri kafin ta amsa, ko fitilar inji ta kama a gaban direba, mota ta ƙi gudu ko da ka danne totur har ƙasa. Wannan na ƙarshe ƙwaƙwalwar ce ta hana da gangan, domin ta daina yarda da saƙon da take samu. Sai dai fa ku lura, filogi da ya mutu, ko famfon mai da ya yi rauni, ko tiyon da ya tsage, duk suna iya kawo irin waɗannan alamu. Shi ya sa nake cewa a fara bincike daga mai arha, a ƙare a mai tsada.

Da farko a sa kwamfuta. Duk motar da aka ƙera domin kasuwar Amurka daga 1996 tana da soket ɗin da ake jona na'urar bincike, galibi a ƙarƙashin sitiyari. Ka ce a nuna maka lambar da ta fito, ka rubuta a takarda. Daga P0120 zuwa P0123, zancen sensan da ke auna buɗewar faifai ne. P0505 zancen sulo ne. P0171 tana nufin iska ta fi mai yawa, sau da yawa wani wuri ne yake zuƙar iska. P2135 kuwa sensoshi biyun da ke cikin mai lantarki ne suka saɓa wa juna. Amma a sani, lamba unguwa take nuna maka, ba gidan ba. Waya da ta gutsure ko soket da ya yi tsatsa za su ba da lamba ɗaya da sensan da ya mutu.

Na biyu, a duba iyakilina da tiyo. A cire tiyon gaba ɗaya a lanƙwasa shi a hannu, tsaga takan ɓuya a cikin ninkinsa. A kunna inji a kasa kunne, in ana jin wani siririn fito, iska ce take shiga ta inda bai kamata ba. Mu nan da hunturu ya shigo, ga ƙura, ga masu shiga hanyoyin gonaki ɗauko doya da gawayi, iyakilina ba ya daɗewa. Kada a yarda yaro ya cire shi ya jefar da sunan mota za ta ƙara numfashi. Ƙasa za ta sha.

Na uku, a duba soket da wayoyi da kan batir. Masu wanke inji da ruwa mai ƙarfi suna jawo mana aiki ƙwarai.

Na huɗu, a wanke shi. Ƙura da tururin baƙin mai sukan haɗu su yi baƙin danƙo a gefen faifan, su toshe 'yar kafar sulo. Yawancin waɗanda ake kawo mini, wanki kawai suke bukata. A sami gwangwanin feshi na wanke kafireta da tsumma mai tsabta. Ban da sanfefa, ban da kankara da sukundireba. In mai lantarki ne, a kashe makulli tukuna, domin faifan yana iya datse yatsa, kada kuma a banƙare shi da ƙarfi ko a fesa cikin moton. Akwai wani ɗan sukuru da kamfani ya saita wanda faifan yake tsayawa a kansa, kada a taɓa shi don a ɗaga sulo. Rufe ciwo ne, ba magani ba.

In an bi duk waɗannan, rewaya ya auna da mita ya ga wutar sensa tana tsalle maimakon ta hau a hankali, ko moton ba ya juyawa, ko haƙoran ciki sun cinye, to yanzu an isa wurin canji. Ko Gwagwalada za ka, ko Apo, ko aike za ka yi Ƙofar Ruwa a Kano, ka tafi da tsohon a hannu. A gwada lambar da ke jikinsa da ta sabon, a ƙirga haƙoran soket. Na Toyota mai lantarki guda 6 ne. In ɗan Baljiyam ne, ku yi yarjejeniya da mai kaya a gaban shaida cewa in bai yi ba za a mayar.

Ɗaurawa ba wuya. A bar inji ya huce, domin a yawancin motoci akwai ƙananan tiyo biyu na ruwan lagireto da suke ratsa shi. A cire kan batir na baƙar waya, a cire tiyo da soket, a kwance notina, galibi huɗu ne. A sa sabon gaskit, kada a cika wurin da gam. A ɗaure notinan a gicciye, kaɗan-kaɗan, ba da ƙarfin tsiya ba, don jikin alminiyam ne, wani ma a kan roba yake zaune.

Saura abu guda da ake yawan mantawa. Ƙwaƙwalwar mota ta saba da tsohon, dole a koya mata sabon. A Honda, ana riƙe inji a kan 3,000 har fankar lagireto ta tashi, sa'an nan a bar shi yana sulo minti biyar ba fitila ba na'urar sanyi. Wasu motocin Volkswagen sai da kwamfuta. Wanda kuma aka cire wa tamostat aka haɗa masa fanka kai tsaye, injinsa ba zai yi zafin da ake bukata ba, sulo kuwa ba zai zauna daidai ba. Sau da yawa a nan ne ake cewa sabon ba shi da kyau, alhali ba a ƙarasa aikin ba ne.

'Yan'uwa, roƙona biyu ne. Masu mota, duk wanda ya ce ku sayi kaya, ku tambaye shi me ya auna, kuma ku karɓi tsohon kayanku ku ajiye. Mu kuma kanikawa mu ji tsoron Allah, mota amana ce, rayuka take ɗauka. In abu ya fi ƙarfinka ka tura wa wanda ya sani. Wanda motarsa take mutuwa in ya taka burki, don Allah kada ya hau babban titi da iyali sai an duba ta. Duk ɗan ƙungiyar da ya zo da lambar da kwamfuta ta ba shi, zan fassara masa ba tare da ko kwabo ba.

Inda na yi kuskure Allah ya yafe mini. Allah ya kiyaye mu a hanyoyinmu, ya ƙara mana zaman lafiya da masu masaukinmu.