ƘWAYOYIN MA'ADINI A CIKIN NARKAKKEN DUTSE: INDA SUKE KWANCIYA DA YADDA SUKE FITOWA



Duk wanda ya taɓa bin hanyar Biu a Jihar Borno, ko ya ratsa ƙasar Panyam da Kerang a Jihar Filato, ya ga wani baƙin dutse mai nauyi, wani ma da 'yan ramuka a jikinsa kamar soso. Masana ilmin ƙasa suna kiransa basalti. Asalinsa narkakke ne, ya fito daga bakin duwatsu masu aman wuta, sa'an nan ya huce ya daskare. Idan aka fasa shi aka duba a rana, sau da yawa akan ga waɗansu 'yan ƙwayoyi kore-kore masu ƙyalli kamar fasasshiyar kwalba. Sunan wannan ma'adini olibin. Laccar yau a kan waɗannan ƙwayoyi take, domin su ne ke ba da labarin abin da ke gudana a ƙarƙashin dutse kafin ya yi amai.

YADDA ƘWAYOYIN KE SAMUWA

Narkakken basalti yakan taso ne daga can ƙarƙashin ɓawon duniya, da zafin da ya kai digiri 1,200 a ma'aunin Santigireti. Kafin ya fito fili yakan yada zango a wani rumbu cikin ƙasa. A dutsen Kilauweya da ke tsibirin Hawai na ƙasar Amurka, wanda masana suka daɗe suna yi wa bincike, akwai rumbu ɗaya a zurfin kilomita 1 zuwa 2, da wani a zurfin kilomita 3 zuwa 5.

A cikin rumbun nan zafi yakan ragu sannu a hankali. Kamar yadda gishiri ke fitowa ƙwaya-ƙwaya idan ruwansa ya ƙafe, haka ma'adinai ke fitowa daga narkakken dutse idan ya fara hucewa, kowanne da lokacinsa. Olibin yana cikin na farko-farko, daga baya waɗansu baƙaƙe da farare su biyo. To, da yake olibin ya fi ruwan dutsen nauyi, sai ya riƙa nutsewa, kamar yadda tsaki ke kwanciya a gindin ƙwaryar kunu.

An tabbatar da haka da ido. A shekarar 1959 wani rami a gefen Kilauweya ya yi amai, wutar ta tashi sama har mita 580, narkakken dutse ya taru a ramin ya zama tafki mai zurfin fiye da mita 100. Daga 1960 zuwa 1988 masana suka yi ta haƙa rijiyoyin gwaji a bisa ɓawonsa suna ciro samfuri. Suka tarar olibin ya taru a sashen ƙasa, sashen da ke bisansa kuwa ya ragu da shi. Har a 1988, bayan shekara 29, akwai sauran narkakken dutse a tsakanin ƙwayoyin da ke tsakiyar tafkin.

ZAMAN AJIYA

A dā an ɗauka rumbun nan kamar randa yake, cike da ruwan dutse zalla. Binciken zamani ya nuna yawancinsa cakuɗe ne na ƙwayoyi da ɗan ruwa a tsakaninsu. Muddin ƙwayoyin kaɗan ne, cakuɗen yana gudana kamar koko. Idan suka kai wajen rabi sai ya kama jikinsa kamar tuwo, ba ya iya tafiya. A wannan hali ƙwayoyi kan shekara goma-goma, wani lokaci ɗaruruwa, suna kwance. Waɗansu daga cikin na Kilauweya har lanƙwasa ake gani a cikin jikinsu, abin da masana da yawa ke dangantawa da dannewar da suka sha a ƙarƙashin tarin 'yan'uwansu.

Akwai kuma wata shaida. Sa'ad da ƙwaya ke girma takan rufe ɗan ɗigon narkakken dutse a cikinta, ya zauna kamar abin da aka toshe a kwalba. Idan aka auna iskar da ta narke cikin ɗigon nan, akan gane zurfin da ƙwayar ta girma. Sau da yawa kuma akan tarar ɗigon ya bambanta da dutsen da ya fito da ƙwayar, watau ba a cikinsa aka haife ta ba, tsintarta ya yi a hanya.

YADDA AKE KWASO SU

Idan sabon narkakken dutse mai zafi ya taso daga ƙasa ya shiga rumbu, yakan dama kwantaccen cakuɗen kamar yadda ludayi ke tayar da furar da ta kwanta. Sa'an nan ya tsaga duwatsun gefe ya bi ta tsagar, ɗauke da ƙwayoyin. Tafiyar takan yi nisa. A ƙasar Aisland, a watan Agusta na 2014, irin wannan tsaga ta yi tafiyar fiye da kilomita 40 a ƙarƙashin ƙasa cikin mako biyu kafin wuta ta ɓullo, aka kuma yi wata shida tana amai. Idan gudun ya yi sauri yakan ɗauki ƙwayoyi masu yawa. Idan ya yi sanyi sai masu nauyi su zube a hanya.

A nan ne babban amfanin binciken yake. Tsohuwar ƙwaya da ta faɗa cikin sabon ruwan dutse takan fara sauya sinadarinta daga baki zuwa ciki, kamar yadda rini ke shiga zane. Masana sun auna saurin wannan sauyi a ɗakin gwaji. Saboda haka kaurin bakin da ya sauya yakan nuna tsawon lokacin da ya wuce tsakanin damawar rumbu da fitowar wuta. A duwatsun basalti da yawa an sami kwanaki ne, ko makonni, ko 'yan watanni. Wannan shi ne ɗan lokacin da hukuma ke da shi na gargaɗi da kwashe mutane bayan an fara jin girgizar ƙasa.

A watan Mayu na 2018 Kilauweya ya tsage a cikin unguwar mutane, kimanin kilomita 40 daga ƙoƙuwarsa. Abin da ya fara fitowa tsohon ajiya ne, mai kauri, mai tafiyar hawainiya. Masana suna ɗiban samfuri kullum suna aunawa, har suka ga alamar sabo mai zafi ya fara isowa, suka sanar da hukuma cewa mai gudu yana tafe. Haka kuwa aka yi. Gidaje fiye da 700 suka halaka, amma an riga an kwashe mazaunansu.

ABIN DA YA SHAFI NIJERIYA

Duwatsun Biu da na Filato sun daɗe da yin shiru, har bakin ɗaya daga cikinsu ya cika da ruwa ya zama Tafkin Tila kusa da Biu. Amma Dutsen Kamaru da ke maƙwabtaka yana da rai. Ya yi amai a 1999, narkakken dutse ya gangaro har ya yanke hanyar mota ta bakin teku a yammacin Limbe, ya kuma sāke yi a 2000. Akwai 'yan Nijeriya da yawa masu fatauci da su a wannan yanki.

Ban da haka, basalti yakan kwaso abin da ya tarar a zurfin ƙasa. A Biu akan sami dunƙulen koren dutse da ya ɗauko daga ƙarƙashin ɓawon duniya, shuɗin yakutun da ake haƙa a Mambila ta Jihar Taraba ma basalti ne ya fito da shi. Don haka ana roƙon masu haƙa su nemi izini su bi doka, sarakuna da malaman makaranta kuma su taimaki ɗalibai da masana idan sun zo ɗiban samfuri a ƙasarsu.

Allah Ya kiyaye ƙasa da jama'arta, amin.