Ciwon Zuciyar Masu Jego: Nazari a Kan Rubuce-rubucen Farfesa Kamilu Musa Karaye da Tasirinsu

Muƙaddima

 Maƙasudin wannan takarda shi ne bitar rubuce-rubucen Farfesa Kamilu Musa Karaye, likitan zuciya a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano kuma malami a Jami'ar Bayero, a kan cutar da ke kama zuciyar mace a ƙarshen ciki ko a watannin farko na jego, domin a ga yadda bincikensa ya sauya fahimtar da likitoci suka gada game da sababinta, a kuma san abin da ya wajaba a kanmu yanzu da hujja ta bayyana.

Fasali na Ɗaya: Zuciya da Guzurinta

Zuciya tsoka ce marar hutu, wadda ke bugawa kimanin sau 100,000 a yini da dare, alhali ajiyar ƙarfin da ke cikinta ba ta taka kara ta karya ba. Saboda haka tilas ta riƙa ƙona abincinta nan take, galibinsa daga kitse, saura daga sukari da makamantansa, da taimakon iskar da jini ke ɗaukowa daga huhu. Kamar yadda murhu ba ya ci sai da hayaƙi, haka wannan ƙuna ke haifar da gurɓatattun sinadarai masu cin naman zuciya, kuma daga cikin makaman da jiki ke kashe kaifinsu da su akwai waɗanda ba sa aiki sai da ma'adinin siliniyam, wanda ɗan Adam ke samu daga tsiron ƙasa da kifi da ƙwai da nama. Idan mace ta ɗauki ciki, jinin jikinta kan ƙaru da kusan rabin yadda yake, aikin zuciya ya ƙaru gwargwadon haka, ta yadda wadda ta shiga wannan hali cikin ƙarancin abinci, an ƙara wa zuciyarta kaya ke nan an rage mata guzuri.

Ungozomai sun san siffar wannan ciwo na masu jego ko da ba su san sunansa na asibiti ba. Mai jego ce, ko arba'in ba ta yi ba, ƙafafunta sun haye har in an danna yatsa sai ya bar rami, tana haki tsakanin ɗaki da madafa, da dare kuwa ba ta iya miƙewa sai ta jingina da bango ta kwana zaune tana tari. A gida sai a ce sanyi ne ya shige ta, ko ba ta gasu ba, a ƙara mata ruwan zafi. In aka yi mata hoton zuciya na eko, sai a tarar zuciyar ta buɗe ta saki, abin da take turawa a kowane bugu bai kai kashi 45 cikin 100 na jinin da ke cikinta ba.

Fasali na Biyu: Ijtihadin Magabata

Asalin wannan bahasi a ƙasar Hausa daga Zariya yake, inda Farfesa Eldryd Parry ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello daga 1969 zuwa 1977. A 1978 shi da abokin aikinsa Davidson suka wallafa bayanin mata 224 da suka gani da wannan ciwo, suka ƙiyasta cewa yana kama kusan mace ɗaya cikin kowace haihuwa 100 a tsakanin Hausawan Zariya, adadin da ya girgiza likitocin duniya. Da suka nemi dalili, sai suka rinjayar da cewa al'adar jego ce: wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da shan kunun kanwa, wadda gishirin cikinta ke tara ruwa a jiki har ya fi ƙarfin zuciya. Ijtihadi ne mai ma'ana bisa kayan aikin wancan zamani, kuma ya shiga littattafan koyon likitanci ya zauna shekaru da dama ba mai tuhumarsa. A 2007 Isezuo da Abubakar suka sami kusan wannan adadi a Sakkwato, wato ɗaya cikin 102.

Amma tun a 1992 wani likita Bafaranshe, Cénac, da abokan aikinsa a Yamai suka lura cewa jinin matan da ke da ciwon yana da ƙarancin siliniyam. Wannan ya yi daidai da abin da aka sani a gundumar Keshan ta ƙasar Sin, inda rashin ma'adinin a ƙasar noma ya daɗe yana kashe yara da mata da ciwon zuciya.

Fasali na Uku: Hujjojin Karaye

A kan wannan gaɓa Farfesa Karaye ya ɗora. A 2015 ya wallafa binciken da ya gwada mata 39 masu ciwon da mata 50 masu jego lafiyayyu a Kano, ya tarar siliniyam ya yi mummunan ƙaranci a jinin kusan kashi 77 cikin 100 na marasa lafiyar, alhali a lafiyayyun kashi 22 ne kawai, kuma matan karkara sun fi shiga haɗarin. Wannan aiki na cikin kundin digirinsa na uku a Jami'ar Umea ta ƙasar Siwidin a 2016.

Da yake shaidar gari guda ba ta isa a yanke wa ƙasa hukunci ba, sai ya jagoranci rajistar ƙasa mai suna PEACE, wadda ta tattara mata 406 daga asibitoci 22 a faɗin Nijeriya tsakanin 2017 da 2018. Natijar da aka buga a 2020 ta nuna cewa fiye da kashi 72 cikin 100 na matan daga Arewa maso Yamma suke, inda ciwon ya kai ɗaya cikin haihuwa 96, mafi yawan da aka sani a duniya. Abin da ya fi muhimmanci shi ne, da aka auna sababai a ma'aunin lissafi, wankan jego da kunun kanwa da kasancewar mace Bahaushiya ko Bafulatana ba su tabbata a matsayin illa ba. Abubuwan da suka tabbata su ne rama, rashin karatun boko, rashin sana'a, da hawan jinin masu ciki.

A 2020 ɗin dai mujallar Kwalejin Likitocin Zuciya ta Amurka ta buga sakamakon bibiyar mata 244 na tsawon kimanin wata 17, inda kusan kashi 19 cikin 100 suka rasu, waɗanda zuciyarsu ta komo daidai kuwa ba su kai kashi ɗaya bisa huɗu ba, kuma 'yan ƙasa da shekara 20 na cikin waɗanda ajali ya fi ɗauka. Sannan Karaye ya jarraba ba da siliniyam ga mata 46 na wata 3, ya kwatanta su da 54 da ba a ba su ba: haki da kumburi sun ci gaba ga kashi 39 na waɗanda suka sha, da kusan kashi 69 na waɗanda ba su sha ba, amma ƙarfin bugun zuciya bai bambanta ba, ya kuma rubuta hakan ƙarara, wanda shi ne amanar ilimi.

Fasali na Huɗu: Tasiri da Abin da Ya Hau Kanmu

Masana a wasu ƙasashe sun gano wasu sababai, kamar gutsuren sinadarin da ke kawo ruwan nono, wanda Hilfiker-Kleiner ta Jamus ta bayyana a 2007, da gadon jini da aka samu a kusan kashi 15 cikin 100 na masu ciwon a 2016. Gudummawar Karaye a wannan muhawara ita ce ya ɗora talauci a kan ma'auni da alƙaluma, ya ɗauke zargi daga kan tsohuwar da ke dama kunu ya mai da shi kan tukunyar da ba ta da nama. Sai dai kada a fahimci wannan a matsayin fatawar halasta kanwa ga kowa, domin wadda ciwon ya riga ya kama, gishiri da kanwa ƙara mata kumburi suke yi.

Ƙananan hukumominmu na Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura suna cikin yankin da adadin ya fi muni, kuma macen da ke ƙauyen Gwiwa ko Roni ko bakin iyakar Babura sai ta sha wahalar isa babban asibiti kafin a yi zancen hanyar Kano. Saboda haka ina ba da shawara huɗu. Na farko, kowace mai ciki ta je awo, a gwada hawan jininta da nauyinta. Na biyu, a koya wa ungozomai da masu wankan jego cewa haki da kumburi da kwana zaune alamun gaggawa ne, a kai mace asibiti ran nan. Na uku, malamai su tunatar da magidanta a mumbari cewa nafaƙar mai ciki da mai shayarwa wajibi ce, ba ta ƙarewa da ƙaurin ranar suna, kuma kifin dam ɗin Kazaure da ƙwan kajin gida sun fi kusa da ƙwayar siliniyam ta kemis, wadda yawanta guba ne in ba likita ya rubuta ba. Na huɗu, asibitocinmu su buɗe littafin rajistar masu wannan ciwo, a riƙa bibiyarsu, a kuma gargaɗi wadda zuciyarta ba ta warke ba, ita da mijinta, game da haɗarin sabon ciki.

Kammalawa

Silsilar da ta taso daga Zariya ta bi ta Yamai da Sakkwato ta iso Kano ta nuna cewa na baya kan gyara na gaba ba tare da ya raina shi ba, kuma gyaran da Farfesa Karaye ya yi ya mai da maganin zuwa abubuwan da ke hannun hakimi da limami da maigida: abinci, karatun 'ya mace, da zuwa asibiti da wuri. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.