Jirgin da Ba Ya Neman Ƙofar Gari



Duk wanda ya shiga birnin Zazzau ta Ƙofar Doka ya ga ragowar ganuwa. Magabata sun gina ta ne da sanin cewa abokin gaba ta ƙasa zai zo, kuma tilas ya nemi ƙofa. To, jama'a, yau akwai jirgi maras matuƙi da ake sakowa daga nisan kilomita dubu, kuma sau da yawa abin da yake farauta shi ne matatar mai da tashar lantarki.

Dabarar ba baƙuwa ba ce a gare mu. A watan Mayun 1969, lokacin yaƙin basasa, wani Bature ɗan Suwidin, von Rosen, ya kawo wa Biyafara ƙananan jirage biyar, suka kai hari filayen jiragen sama da tashar lantarki ta Ughelli. Amma su da matuƙa a ciki, masu tsoron mutuwa. Ran 14 ga Satumba 2019 aka far wa masana'antar mai ta Abƙaiƙ da rijiyoyin Khurais a Saudiyya da jirage marasa matuƙa da makamai masu linzami. A dare ɗaya ƙasar ta rasa ganga miliyan 5.7 ta kowace rana, wato kimanin rabin abin da take haƙowa. A 2024 Yukiren ta riƙa ƙona matatun Rasha da irin waɗannan jirage. Sudan kuwa, inda 'yan'uwanmu Hausawa suke da yawa, a 2025 an bugi tashar lantarki ta madatsar Merowe, sannan rumbunan mai na Port Sudan. Abin takaici, jirgin ya fi makamin da ake kakkaɓo shi da shi araha nesa ba kusa ba.

Kada wani ya ce wannan labarin nesa ne. A Oktoban 2024, da aka lalata layin lantarki na Shiroro zuwa Kaduna, ba ma da jirgi ba, yawancin Arewa ta yi kwanaki cikin duhu. Mai niƙa ya rufe injinsa, mai walda ya zauna, farashin ƙanƙara ya tashi. Wutar da muke karatu da ita a Zariya ta waɗansu 'yan wayoyi ƙalilan take biyowa, kuma babu ganuwar da ta kewaye su.

Rundunar sojan samanmu ta ƙaddamar da nata jirgin, Tsaigumi, a Kaduna a 2018, amma na leƙen asiri ne. Tambayata ga 'yan'uwa masu karatun injiniya ita ce: da me za a tsare Shiroro da Kainji?